Neman kalma: me za mu kira jeren gawayin nan na Amurkawa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirin girke-girken ƙasashen waje, kuma kalma biyu sun tsaya mini a wuya. Shirin a kan gashin naman Amurkawa ne a murhun nan zagayayye mai murfi na kamfanin Weber, wanda George Stephen ya ƙera a 1952. Ba tara gawayi suke yi a tsakiya ba. Curin gawayi suke jerawa a jikin bangon murhun, biyu a ƙasa biyu a sama, jeren ya kewaye rabin murhun ko fiye, amma bakin biyu ba sa haɗuwa. A ɗora gutsattsarin itace a kai, a zuba garwashi takwas ko goma a baki ɗaya kawai, a ajiye kwanon ruwa a tsakiya, a rufe. Wutar na iya kai awa 10 tana bin jeren, zafin yana tsaye tsakanin digiri 110 da 120 a ma'aunin Salshiyos. Jeren suna ce masa snake method, gashin kuma smoking. Ku taimaka.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Na biyun ai banda ne, ko kyafe. Na farkon kuwa, macijin gawayi.

Ɗan Mahauta: Malam, a gafarce ni, banda ba zai yi ba. Idan muka yi bandar nama so muke ruwan jikinsa ya tafi don ya jure ajiya. Su kuma ƙirjin sa suke ɗorawa, wanda duk mahauci ya san taurinsa, su bar shi a ƙaramin zafi har jijiya da kitse su narke, a yanka yana ɗigar romo, a ci da zafinsa. Mai sauraro ya ji "banda", busasshen abu zai hango. Gashin hayaƙi ya fi.

Mai Fassara: Gashin hayaƙi ya kwanta mini. Maciji ne nake shakka, Malam. Shirin abinci ne, ana ambaton maciji wasu za su kashe rediyo.

Malamin Hausa: Hajiya, kalmar tana da gindi. Abin dogo ne, a lanƙwashe, yana da kai da wutsiya, a kai ake kunnawa. Za ki iya cewa "a hura kan macijin", kowa ya gane.

Baban Yara: Ni abin da ke damuna daban ne. Mu da muke da kilishi da balangu da tsire, kifin Baga yana zuwa har kasuwannin kudu a bande, mu ne za mu zauna muna wahalar raɗa wa gashin Bature suna? Su sun taɓa fassara tukuba? A faɗi sunansa da Turanci a wuce.

'Yar Damagaram: Baba, mu a nan Turancin Ingilishi ba ya mana amfani. Idan aka faɗe shi haka, mu masu saurare daga wannan ɓangaren an bar mu a baya. Kullum sai a yanke kalma a Kano a ce ita ce Hausa.

Malamin Hausa: Ba Kano ta yanke ba, daidaitacciyar Hausa ce, kuma a kan karin Kano aka gina ta. Wannan ba laifin kowa ba ne.

'Yar Damagaram: To daidaitacciyar ta ba mu kalmar da tsohuwa a Mirriya za ta gane, mu gani.

Baban Yara: Harshen da ba ya jin kunyar cewa mota da rediyo, me zai sa ya ji kunyar wannan?

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan gawayi, Alhamis ta kusa.

Ɗan Mahauta: Hajiya, ki bar siffar, ki dubi aikin. Sirrin abin shi ne kowane curi yana jingine da na gabansa, yana cinyewa yana miƙa masa wuta, don haka kaɗan ne ke ci a lokaci guda. Tamkar igiyar leƙo. Shi ya sa ma suke amfani da curin da injin ya matse, duk girmansu ɗaya. Da gawayinmu na buhu, wani ƙato wani ɗan mitsitsi, sai a sami giɓi wutar ta mutu a hanya, ko ta tsallake ta kama gaba ɗaya. Ki kuma gaya musu a juya murfin murhun yadda ƙofar iskar ta sama za ta dawo saitin naman, nesa da inda wutar take, don hayaƙin ya ratsa ta kansa kafin ya fita. Ni da zan ce jeren miƙa-wuta.

'Yar Damagaram: Wannan ko a nan za a gane shi ba sai an yi bayani ba.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, kuma bai nuna cewa jeren a lanƙwashe yake ba. Wanda ya ji zai iya jerawa a miƙe, naman ya zauna a kan wuta ya ƙone.

Mai Fassara: Gaskiya ne, Malam, wannan gyaran zan sa shi a bayani. Ga abin da na rubuta: "jeren miƙa-wuta, wanda ake kewaya bangon murhu da shi, Amurkawa kuma suna kamanta shi da maciji". Sau ɗaya zan ambaci macijin. Gashin kuma gashin hayaƙi.

Malamin Hausa: Shirinki ne, Hajiya. Ni dai a aji macijin gawayi zan ci gaba da cewa.

Baban Yara: Murhun fa? Har yanzu ba wanda ya ba shi suna.

Mai Fassara: Murhu mai murfi zan ce a wannan makon, Baba. Idan an sami wanda ya fi shi kafin Laraba da dare, a turo mini.