Taƙaitawa: wa ke da wane aiki a asibiti?

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan rabon aiki tsakanin ma'aikatan asibiti.

Inda baki ya zo ɗaya:
1. Likita ke gano cuta ya rubuta magani, amma nas ke kwana da majiyyaci, ita ke fara ganin jiki ya rikice. A riƙa sauraronta.
2. Mai harhaɗa magunguna na da hurumin mayar wa likita takarda in ya ga adadin ya yi wa yaro yawa. Wannan ba raini ba ne.
3. Masu aikin dare su miƙa wa na safe bayani a rubuce, a bakin gado.

Inda aka rabu:
4. Tsarin 2014 da ya ba ma'aikatan CHEW (jami'an lafiya na matakin farko da ke aiki a cikin al'umma) damar karɓar haihuwa a Najeriya. Wasu sun ce a ƙauyen da babu ungozoma, da babu gara ba daɗi. Wasu na tsoron a riƙe mai zubar jini har dare ya yi kafin a tura ta babban asibiti. Ni dai ina tare da na farko, muddin akwai horo da motar ɗaukar marasa lafiya.
5. Shugabancin asibitocin koyarwa. Likitoci sun ce nasu ne, 'yan JOHESU (gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba) sun ƙi yarda. Nan aka fi ɗaukar zafi, har aka tono yajin aikin JOHESU na 2018 da tazarar da ke tsakanin tsarin albashin likitoci (CONMESS) da na sauran ma'aikatan lafiya (CONHESS). Ba a daidaita ba.