Wai da gaske waya tana sauraron hirarmu?

Gwaggo: Salamu alaikum 'yan gida. Ni dai na gama yarda wayoyin nan suna sauraronmu. Jiya da daddare muna tsakar gida ana maganar injin markaɗe, ban rubuta komai ba, ban nemi komai ba. Da safe ina buɗe waya sai ga tallan injin markaɗe har da farashi. Wa ya kai musu labari in ba kunne suka kasa ba?

Auta: Wallahi Gwaggo gaskiyarki, ni ma ya sha faruwa da ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam Gwaggo, ina kwana. Cikin waɗanda kuka yi hirar, ba wanda ya duba farashin a wayarsa?

Gwaggo: Amarya ta duba, amma ai a tata wayar. Me ya haɗa tata da tawa?

Injiniya: Abubuwa da yawa. In da intanet ɗaya kuka jona, adireshi ɗaya masu talla suke gani. Ga lambarta a wayarki, ga wayoyin suna kwana a gida ɗaya. Wannan ya isa a yi hasashen abin da take nema ke ma kina so. Asalin abin kuwa kukis ne, ɗan guntun rubutu da shafi yake ajiyewa a burauzarki, wato manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita, don ya gane ki in kin dawo. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma ba don sharri ba, da shi ne shafi yake tuna kin riga kin shiga ko kin zuba kaya a kwando. Matsalar ita ce kukis ɗin da ba mai shafin ne ya ajiye ba. Kamar dillali ne guda da yake da kujera a kowane shago a kasuwa: kina shiga na farko ya shafa miki alli a mayafi, duk shagon da kika leƙa bayan nan ya gane ki ya rubuta. A manhajoji kuma akwai lambar talla da kowace waya take ɗauke da ita, aikinsu ɗaya. Duk sanda kika buɗe shafi mai talla, ana gwanjon gurbin tallan kafin ƙiftawar ido, a tura wa masu saye bayanin wace irin mutum ce ke kallo.

Yaya Babba: Injiniya, kullum kai lauyan kamfanonin nan ne. To me ya sa Apple ya yarda ya biya dala miliyan 95 a farkon 2025 kan ƙarar cewa Siri, mataimakin iPhone mai amsa umarnin murya, yana naɗar maganar mutane ba su kira shi ba? Ba hayaƙi sai da wuta.

Injiniya: Yaya, ba kare su nake ba. Batun Siri gaskiya ne, tun 2019 aka fallasa cewa 'yan kwangila suna jin wasu muryoyin da aka naɗa bisa kuskure. Amma an yi sulhu ne, kamfanin bai amsa laifi ba, kotu kuma ba ta tabbatar an sayar wa masu talla muryoyin ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana tura murya a ɓoye ba. Abin da suka kama shi ne wasu suna ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya suna turawa waje. Kuma yanzu in manhaja ta kunna makirfo, ɗigon kore yana fitowa a saman Android 12 zuwa sama, na ruwan lemo a iPhone.

Yaya Babba: Rashin kama ɓarawo ba ya nuna ba a sata. Zuckerberg, shugaban Facebook, ma ya musanta sauraron a gaban majalisar dattawan Amurka a Afrilun 2018, alhali kan Cambridge Analytica aka kira shi, kamfanin da ya samu bayanan masu Facebook har mutum miliyan 87. Maganarsa zan ɗauka?

Injiniya: Kar ka ɗauki maganarsa, ka bi sawun kuɗi. Da Apple ya fara tambayar masu iPhone a 2021 ko sun yarda manhaja ta bi diddiginsu, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, da bakinsa ya ce hakan zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Ba makirfo aka taɓa ba, lambar talla aka toshe. Nan jinin kasuwar yake. Ni abin da ke damuna, muna gadin makirfo, su kuma suna kwasar abin da ya fi hirar tsakar gida nauyi: cutar da mutum ya bincika da tsakar dare, bashin da yake nema, inda yake kwana.

Kawu: Allah Ya yi maka albarka. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. A Nuwamban 2020 an bayyana cewa manhajar Muslim Pro, wadda da yawanmu muke duba lokacin salla da alƙibla da ita, tana miƙa bayanan inda mutum yake ga wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu sayen kayansa har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun ce su ba su sayar wa soja komai ba, suka kuma raba gari da kamfanin. Amma ku duba fa, mutum ya ba da izini ne don ya san gabas. Allah Ya hana mu bin diddigin juna a Suratul Hujurat, yaya za a yi mu ɗauke shi ƙaramin abu don na'ura ce ke yi?

Anti: Kawu, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Ni da tallan nan nake sayar da atamfa da turaren wuta. Kuɗi kaɗan nake sawa, in zaɓi mata masu shekaru kaza a Kano da Kaduna, su gani su kira. Gidan rediyo ya fi ƙarfina. Kuma duk nan wa yake biyan kuɗin Facebook ko WhatsApp? Talla ke riƙe da su. In an kashe bibiya, mu ƙanana za mu fara jin jiki.

Barista: Anti, ba wanda ya ce a kashe talla. Maganar ita ce yarda. Shekaru da jinsi da gari daban, tarihin duk shafin da mace ta buɗe daban. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 kan Google da miliyan 60 kan Facebook, don kawai amincewa da kukis dannawa ɗaya ce, ƙin yarda kuwa sai ka sha zagaye. Mu ma nan an sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, sannan a Yulin 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci Meta tarar dala miliyan 220, ciki har da zargin ba a ba 'yan Najeriya zaɓin da ake ba Turawa.

Auta: To mu yanzu me za mu yi, Yaya Injiniya?

Injiniya: Shiga saitin waya, sashen talla na Google, ka goge lambar tallarka. Duba manhajojin da ka ba izinin sanin wurinka, duk wadda ba ta buƙata ka cire. A cikin burauzoji, Firefox tun 2019 da Safari tun 2020 suna toshe kukis ɗin bibiya da kansu. Chrome kuwa tun a 2020 Google ya yi alkawarin zai cire su, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya fasa, sai ka toshe da hannunka. Wannan ragewa ne, bai hana gaba ɗaya ba, don akwai masu gane waya ta samfurinta da saitinta ko ba kukis.

Yaya Babba: Zan yi, amma makirfon ma zan rufe wa duk manhajar da ba kira nake da ita ba. Ban janye ba.

Anti: Barista, to lambobin kwastomomina da nake lodawa don tallana ya same su fa?

Barista: Nan ke ce mai riƙe da bayanan mutane, Anti. Don a kawo musu kaya suka ba ki lamba, ba don talla ba, kuma doka ta ba su 'yancin cewa a daina. Ki tambaye su tukuna.

Anti: Mutum wajen ɗari huɗu ne fa. To, ka rubuto mini yadda zan tambaye su, in tura a daren nan.