Wai ɗaga ƙarfe yana kawo basir ne?

Ɗan_Jim:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Na jima ina ɗaga ƙarfe, kwanan nan na ƙara nauyi a sikwat (tsuguno da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa), to yanzu in na shiga bayi sai in ga jini ja kaɗan, kuma akwai wani ɗan tsiro da yake leƙowa ya koma da kansa. Wani abokina ya ce ƙarfen ne wai in daina gaba ɗaya. Gaskiya ne?

Nas_Maijinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya sawwaƙe. Basir jijiyoyin jini ne na dubura da suke kumbura in matsi ya yi musu yawa. Shi ƙarfen ba lallai shi kaɗai ne ya jawo ba, amma in ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri da kaya mai nauyi matsin cikin ciki yana ƙaruwa ya sauka can ƙasa, daidai da nishin da mutum yake yi in bayan gida ya yi tauri. To in dama abin yana nan a kwance sai ya taso. Tambayata, me kake ci? Don yawancinku 'yan jim daga ƙwai sai nama sai garin furotin, babu ganye babu isasshen ruwa, sannan a shiga bayi da waya a share rabin awa. Ka koma wa wake, zogale, alayyafo, kuɓewa da gwanda, ka riƙa zama cikin ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15.

Koci_Baba:
Ƙanina ba sai ka daina ba, rage nauyin dai har jinin ya tsaya. Ka riƙa fitar da numfashi lokacin da kake miƙewa da ƙarfen, kar ka kumbura fuska kamar za ka fashe. Kuma bel ɗin nan da kuke ɗaurewa tamau ba ya kare basir, shi ma matsin ciki yake ƙarawa. Ba 'yan jim kaɗai ba ma, leburorin da suke sauke siminti buhu kilo 50 ai haka suke fama, balle masu haɗawa da tiramol, shi kam busar da ciki yake yi.

Abu_Yasira:
Malam nemi na gargajiya kawai, masu lasifika a kasuwa suna da shi, kwana uku ka warke lol

Nas_Maijinya:
Haba ɗan uwa, wasu fa maganin sa gudawa ne kawai suke ɗura wa mutane. Ɗan_Jim ka je likita ya duba tukuna, ba duk jini ne basir ba, akwai tsagewar dubura, akwai ma kansar hanji. In bayan gidan ya koma baƙi ko kana ramewa ko jiri to kar ka jira gobe. In basir ɗin ne na ciki, akwai wanda ake ɗaure shi da 'yar roba ba sai an yi tiyata ba.

Ɗan_Jim:
Na gode sosai. Maganar waya a bayi kam ta taɓa ni wallahi. Koci, bencin ƙirji fa (ɗaga ƙarfe ana kwance a kan benci), shi ma in ajiye ko zan iya ci gaba da ƙaramin nauyi?