Alƙaluman da Baba ya bari: wace tawada zan zuba musu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubutu daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne tun zamanin En'e, ya bar alƙaluma masu shan tawada a adakarsa, ni kuma na ci gaba da tarawa. Da su nake son rubuta labarina a littafin eksasais, don burina wata rana a mai da shi fim. Matsalar ita ce tawada. Babu ta a kasuwarmu, kuma ɗaya mai tambarin Parker ya ƙi sha sam. Kawuna ya ce in zuba tawadar allo, wai duk tawada tawada ce. In zuba?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumussalam. Ɗana, kar ka kuskura. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don alƙalamin kara da ake tsomawa. Wannan kuwa akwai wata siririyar hanya a ƙarƙashin bakinsa da tawada ke bi, da zarar ƙaro ya bushe a ciki ya toshe ta ke nan. Ka gaida Kawu, amma a nan bai yi daidai ba. Nemi Quink, wadda kamfanin Parker ke yi tun 1931, ko ta Pelikan. Ka ba mai shiga Kano saƙo ya duba shagunan kayan rubutu a Sabon Gari.

Ɗan Gumel: Kafin ka yi murna, duba da kyau ko Parker ɗin ne. Hero 616 na Shanghai kamarsu ɗaya da Parker 51, har bakin nan da ke ɓoye cikin roba, kuma malaman da sun fi riƙe Hero saboda arha. Karanta rubutun jikin murfin. In 51 ne na gaske, ya fara fitowa a 1941, kuma iri biyu ne. Na farkon yana da ɗan maɓalli a gindi da ake dannawa, robar da ke cikinsa mai jan tawada kan mutu, sai an canza. Na bayan 1948 ana kwance jikinsa a matsa wani ƙarfe, kuma robarsa ba ta cika lalacewa ba, galibi tsohuwar tawada ce ta daskare. Tsoma bakin a ruwa mai tsabta ya kwana, ka yi ta matsawa har ruwan ya fito fari. Ban da ruwan zafi, ban da kananzir.

Maman Ilham: Ni dai tambayata, wane darakta ne zai karɓi labari a eksasais yanzu? Rubuta da alƙalaminka don jin daɗi, amma ka kai a buga maka a kwamfuta kafin ka miƙa wa kowa, kuma ka riƙe na hannun.

Tsohon Hedimasta: Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari kuma, eksasais ɗin yanzu takardarsa shan tawada take, rubutu ya bazu ya fito ta baya. Gwada a shafin ƙarshe kafin ka saya da yawa. Da hunturu kuma kar ka bar tawada a alƙalamin da ba ka aiki da shi, wanke shi ka ajiye a inuwa.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Na duba, mai matsa ƙarfen ne, yanzu haka yana cikin kofin ruwa. Ɗan Gumel, in wani daga cikinsu ya zama Hero, tawadar iri ɗaya ce?

Ɗan Gumel: Ɗaya ce. Kar dai ka gauraya kala biyu ba ka wanke ba.