Neman shawara: haɗin gwiwar binciken girgizar ƙasa daga Akwapim zuwa Atakora

'Yar Nima: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina digiri na uku a fannin girgizar ƙasa a nan Accra. Wasu masu bincike daga Lome da Turai sun nemi mu haɗa hannu mu dasa na'urorin auna motsin ƙasa a jerin duwatsun da suka taso daga Akwapim, suka ratsa Togo har Atakora a Benin. Na'urorin na Turawan ne, filin namu. Ni aka ɗora wa rubuta daftarin. Su kullum misalinsu AlpArray, aikin da ya baza tashoshi fiye da 600 a duwatsun Alps, alhali mu ashirin za mu samu. Ni kuwa hankalina yana kan Accra: girgizar 22 ga Yuni 1939 ta ci rai 17, ta Disambar 2018 kuma ina cikin ɗaki na ji ta. Ta ina zan fara?

Malami daga Aboabo, Kumasi: Wa alaikumus salam 'yata. Alps har gobe Afirka na matsa su ga Turai. Namu duwatsun kufai ne na karon manyan sassan doron ƙasa da ya faru kimanin shekara miliyan 600 baya, a gefen gabashin tsohon doron Afirka ta Yamma, abin da ake kira Dahomeyide. Don haka tambaya biyu ce a hannunki. In saiwar duwatsun kike son gani, jera na'urorin za ki yi daga kwarin Volta zuwa gabas, su gitta jerin, su saurari manyan girgizar ƙasashe masu nisa, har shekara ɗaya ko biyu. In kuwa tsagar da ke girgiza Accra ce, wato karayar da ke cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, sai ki tara su kusa da juna wajen Weija, yamma da Accra, inda tsagar Akwapim ta kusanci ta bakin teku. Na'ura ashirin ba za ta ɗauki duka biyun ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Tsohon ma'aikacin fili, Sabon Zongo: Ƙanwata, kafin zancen taswira, a rubuta wa ke da bayanan. Na taɓa yi wa wasu baƙi wata goma sha takwas ina sauya batir cikin ruwa da rana. Suka kwashe komai suka tafi, takarda ta fito ko sunan ɗan ƙasa ɗaya babu. Har yau abin na cina. A sa hannu cewa kwafin ɗanyen bayani, a tsarin miniSEED da ake adana bayanan girgizar ƙasa da shi, zai zauna a Gana da Togo tun daga ranar farko, a kuma faɗi ranar da za a buɗe shi ga kowa. Ki kai daftarin Hukumar Binciken Ƙasa ta Gana da wuri, ki gama da kwastan kafin kaya su doshi Aflao, kan iyakar Gana da Togo.

Wata Hajiya, Madina: Kada ki dasa komai ba ki gaida sarkin garin ba. Ki ɗauki mai gadi ɗan ƙauyen, ki biya shi a kan kari, don faifan sola yana da farin jini. Ki nisanci titin manyan motoci da inda ake fasa dutse.

Ɗalibi daga Asawase: Malam, a yi mini afuwa, ina ganin za a iya raba su. Ai tsohuwar tsagar ce take farkawa, sanin zurfinta zai taimaki Accra. Sha huɗu a layi, shida a Weija. Yaya, ki tuntuɓi AfricaArray ma, shirin tashoshin auna girgizar ƙasa na Afirka, tun 2005 suke irin wannan haɗin, da cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi.

'Yar Nima: Allah ya saka da alheri. Zan fara da yarjejeniyar bayanan, gobe in Allah ya kai mu. Malam, in na bi rabon ɗalibinka, tazarar kilomita nawa zan bari tsakanin na'urorin layin?