Shawarwari Kan Kuɗin Binciken Makamashin Rana

Wasu malaman jami'a da injiniyoyi sun zanta a Abuja kan alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a 2021, na shawo kan gurɓataccen hayaƙi nan da 2060. Buri kam akwai, kuɗin bincike ne ke tafiyar hawainiya.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a ware wa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato kuɗin shekaru biyar a jere, domin gwada farantin sola da batir cikin zafin bazara da ƙurar hunturu ba aikin kasafin shekara guda ba ne. Ni ma nan na karkata.

Wasu suka ce TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta fifita binciken kayan da masana'antar farantin sola ta Karshi a Abuja, mallakar hukumar kimiyya da injiniya ta NASENI, za ta iya ƙerawa. Batun rage harajin kayan gwaji kuwa, sama-sama aka taɓo shi.