Wa ya taɓa fita waje da yara babu babansu?

Maman Biyu, Samaru: Assalamu alaikum. Maigida na karatu a Malesiya, zan bi shi da yara bayan Sallah. Wasu sun ce sai da takardar izinin uba, wasu sun ce fasfo ya wadatar. Don Allah a ba ni haske.

Hajiya, Tudun Wada: Wa'alaikumussalam. Ki nema, ƙanwata. Da zan je Umara da autana ta filin jirgin Kano, suna ne ya tsayar da mu. Fasfona da sunan mahaifina, nasa da sunan Alhaji, to me zai nuna ni na haife shi? Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ce ta raba gardama, tunda akwai sunan uwa da uba. Sai wasiƙar Alhaji haɗe da kwafin fasfonsa da lambar waya. Kuma fa sai da suka kira shi!

Baban Yara, Sabon Gari: Ba ku kaɗai ba ne, Hajiya. Da na nemar wa ɗana bizar Jamus, sai da uwarsa ta sa hannu ita ma.

Goggo, Ƙofar Doka: Ku naku da sauƙi. Ni 'yar ƙanena ce, tun yaye tana hannuna, muka nufi biki Maraɗi ta Jibiya. Jami'an kan iyaka suka ja yarinya gefe, wace ce wannan? Ta ce Goggo. Shi ke nan, muka sha zama har la'asar, sai da ubanta ya yi magana da su ta waya. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsu ba, ana safarar yara, ai don haka aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a 2003. Riƙo dai ba su san shi ba sai a rubuce. Yanzu takardar rantsuwa muka yi a kotu.

Wata baiwar Allah, Gyallesu: Mun rabu, ya ƙi sa hannu. Ina da takardar riƙon yara daga kotun shari'a, amma aka ce sai alƙali ya rubuta izinin tafiyar daban. Wadda mijinta ya rasu kuma ta riƙe takardar shaidar rasuwa.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. To shi da yake can, ya za a yi?

Baban Yara: Ya rubuta sunayen yaran, lambobin fasfo da ranar tafiya, a buga masa hatimi a ofishin jakadancin Najeriya da ke Kuala Lumpur, ya aiko miki. Ki kuma tambayi kamfanin jirgin kafin ki biya kuɗin tikiti.